Shin darasin koyon sana'a zai hana 'yata zama likita? Amsa ga wani uba a Greensboro

"Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Maraɗi ne, ina zaune a Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa. 'Yata ta iso nan shekara uku da suka wuce, yanzu tana aji 8. Kullum gundumar makarantu sai ta turo mana saƙo: ɗalibi wane ya ci lambar yabo, malama wance ta zama gwarzuwar shekara, makaranta kaza ta yi fice. Ga shi an ba yarinyar takarda ta zaɓi darussan aji 9, ciki har da na koyon sana'a da suke kira CTE, ita kuma na kiwon lafiya take so. Ni burina ta zama likita, a gida kuwa wanda jarrabawa ta kayar ake turawa koyon sana'a. Shin yabe-yaben nan suna da wani amfani ko talla ce kawai? In bar ta ta ɗauki darasin ko in hana?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya yarinya, ya sanya albarka a karatunta. Tambayarka biyu ce a haɗe: wanne daga cikin yabon da gunduma ke yaɗawa ne yake da nauyi, sannan ko darasin sana'a zai kautar da yarinya daga hanyar jami'a. Aikina shi ne ba ɗalibai shawara kan karatu da sana'a a wata sakandaren gwamnati a wannan jiha, kuma iyaye 'yan Afirka ta Yamma kan zo min da irin wannan fargaba, wani lokaci da kalmominka sak. A taƙaice, ka bar ta ta ɗauka, bisa sharaɗin da zan kawo a gaba. Abin da na ga yana rufe wa yaranmu ƙofar likitanci shi ne lissafi da kimiyyar da aka yi wa sakaci tun aji 9, kuma a nan ne ya kamata idonka ya tsaya.

Me ya sa gunduma ke yawan yabon kanta

A Amurka makarantun gwamnati ba sa ƙarƙashin wata ma'aikatar ilimi ta tarayya da ke ba da umarni daga babban birni, yadda muka saba a Yamai ko Abuja. Jiha ce ke kafa dokoki da manhaja, gunduma kuma ita ke tafiyar da makarantu, kuma ƙasar tana da gundumomin makarantu kusan 13,000. Taku, wato Guilford County Schools, an kafa ta a 1993 bayan da aka haɗe makarantun birnin Greensboro da na High Point da na karkarar Guilford. Ita ce ta uku a girma a jihar, bayan Wake da Charlotte-Mecklenburg, tana da makarantu kusan 120 da ɗalibai fiye da 60,000. Jama'a ne ke zaɓen mambobin hukumarta, su kuma su ɗauki shugaban da zai riƙe ragamar aiki.

Kuɗin ya fi zuwa daga jiha, sai na ƙaramar hukuma, sai ɗan na tarayya. Idan ana son gina sababbin makarantu sai an nemi amincewar masu jefa ƙuri'a a ci bashi, kamar yadda mutanen Guilford suka amince da dala miliyan 300 a 2020 da dala biliyan 1.7 a 2022. Ga kuma gasa da makarantu masu zaman kansu da na cata (charter, masu karɓar kuɗin gwamnati amma ba gunduma ke tafiyar da su ba), waɗanda ke janye ɗalibai, kuma duk ɗalibin da ya fita yana tafiya da kasonsa na kuɗin jiha. Don haka dole gunduma ta riƙa nuna wa jama'a abin da take yi. Zarginka na talla yana da tushe. Sai dai talla ba ƙarya ba ce, aikinka shi ne ka san yadda ake tace ta.

Ma'aunin da nake ba iyaye guda ɗaya ne: wannan abin da yaro ya samu, wa zai karɓe shi a wajen makarantar? Sunan ɗalibi a jerin waɗanda suka yi fice a zango, ko takardar yabo ta rashin fashi, abu ne mai daɗi, a manna a bango a yi wa yarinya addu'a, amma babu jami'ar da za ta rage mata kuɗi saboda shi. Abubuwan da ke bin ɗalibi har bayan sakandare su ne kiredit ɗin jami'a da ya tara tun yana makaranta, sakamakon jarrabawar AP ko IB (darussa masu zurfi irin na matakin jami'a da ake ɗauka a sakandare), takardar shaidar ƙwarewa da masu ɗaukar aiki suka sani, gurbin koyon aiki mai albashi, da tallafin karatu wanda ya shiga hannu. Idan ka ga sanarwa cewa ɗaliban wata makaranta sun samu tayin tallafi na miliyoyin daloli, ka sani yawanci ana haɗa duk tayin da kowane yaro ya samu daga jami'o'i daban-daban, alhali jami'a ɗaya zai shiga. Haka kuma wasiƙun da ke zuwa gida da hatimin zinariya suna cewa an zaɓi yarinya cikin wata ƙungiyar haziƙai, amma sai an biya kuɗin rajista: kafin ka ciro katin banki, ka kai wa malamar shawara ta makaranta ta duba. Ƙungiyar da aka sani tun 1921, National Honor Society, malaman makarantar ne da kansu ke zaɓen mambobinta.

Akwai kuma harafin da jiha ke ba kowace makaranta, daga A zuwa F. Kashi 80 cikin 100 na wannan maki daga sakamakon jarrabawa yake fitowa, kashi 20 ne kawai daga ci gaban da yara suka samu a cikin shekara. Saboda haka harafin yakan bi arzikin unguwa: makarantar 'ya'yan masu hali ta samu A ko da malamanta ba su ƙara wa yaran komai ba, makarantar da ke karɓar baƙi da 'ya'yan talakawa ta samu C alhali malamanta suna aikin gaske. A shafin rahoton makarantu na jiha akwai layin da ke nuna ko makaranta ta cimma ci gaban da ake tsammani, ko ta zarce, ko ta gaza. Ga yarinyar da ta fara Turanci shekara uku da suka wuce, wannan layin ya fi harafin gaya maka gaskiya.

Game da malamai, zama gwarzon shekara karramawa ce ta gaske, amma mutum ɗaya ne a cikin dubbai, kuma da wuya ya zama shi ne zai koyar da 'yarka. Wadda na fi ba muhimmanci ita ce shaidar National Board, wadda malami ke samu bayan an tantance bidiyon koyarwarsa da ayyukan ɗalibansa da iliminsa na darasin. An kafa hukumar a 1987, tsohon gwamnan wannan jiha Jim Hunt ne shugabanta na farko, kuma Karolina ta Arewa ta fi kowace jiha yawan malaman da ke da ita, domin tana ƙara musu kashi 12 cikin 100 na albashi. Amma tambayar da ta fi duk waɗannan, wadda ba za ka taɓa gani a saƙon gunduma ba, ita ce: ajin lissafi da na kimiyya suna da malami na dindindin, ko 'yan riƙon ƙwarya ne ke ta sauyawa? Kana da ikon tambaya, kuma shugaban makaranta zai amsa.

Tsoronka da asalinsa

Ba zan ce maka fargabarka ba ta da dalili ba. A gida mun san yadda ake kallon yaron da aka tura cibiyar koyon sana'a bayan birebe, kuma a Najeriya tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da kyakkyawar niyya, amma a makarantu da yawa injinan suka ruɓe a cikin akwatunansu don babu wuta, babu malami. A nan Amurka ma tarihin ba fari tas ba ne. Tun dokar Smith-Hughes ta 1917 aka ware karatun sana'a daga na boko, kuma shekaru da dama ajin sana'a shi ne inda ake tura baƙar fata da 'ya'yan baƙin haure da na talakawa ba tare da an tambayi iyayensu ba. Dattawan baƙar fata na Greensboro suna tuna wannan sarai.

Abin ya sauya da dokar Perkins ta tarayya mai tallafa wa karatun sana'a, wadda aka fara a 1984, aka sabunta a 2006 da 2018. Yau a wannan jiha ɗalibin da ya ɗauki darussan CTE da wanda bai ɗauka ba takardar kammalawa iri ɗaya suke samu, da darussan dole iri ɗaya: Turanci huɗu, lissafi huɗu, kimiyya uku, ilimin zamantakewa huɗu, da sauransu, jimilla aƙalla kiredit 22 bisa dokar jiha. Darasin sana'a yana shiga ne a gurbin darussan zaɓi, inda wani zai sa kiɗa ko zane. A makarantun da ke bin tsarin darussa huɗu a kowane rabin shekara, yaro na iya tara kiredit 32 a shekara huɗu, ka ga akwai sarari mai yawa. Wanda ya kammala aƙalla darussa biyu a fanni guda ana lissafa shi cikin masu fannin, kuma a aji 12 yakan zauna jarrabawar WorkKeys da ke ba da shaidar shirin aiki mai matakai huɗu, daga tagulla zuwa filatinam.

Akwai wani tsari na dabam da ya kamata ka bambance, don sunansa yana ruɗar iyaye: Occupational Course of Study. Wannan an tanade shi ne ga ɗalibai masu wata naƙasa da ke da tsarin karatu na musamman, kuma darussansa ba sa cika sharuɗɗan shiga jami'a mai shekara huɗu. Yana da amfani ga waɗanda aka yi shi dominsu. Amma rashin jin Turanci ba naƙasa ba ne, kuma kada ka sa hannu a kan duk wata takarda da ta shafi sauya wa yarinya tsarin karatu sai ka fahimce ta ciki da bai. Doka ta wajabta wa makaranta ta samar maka da tafinta kyauta. Idan ba a samu na Hausa a ranar ba, ka nemi na Faransanci, ko a ɗage zaman. Kada ka bari yarinyar ce za ta yi maka fassarar abin da ya shafe ta.

Yanzu ga likitanci. A nan ba a shiga makarantar likita daga sakandare kai tsaye kamar a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Ahmadu Bello. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, a zauna jarrabawar neman shiga makarantar likita, wato MCAT, a yi shekara huɗu a makarantar likita irin ta Chapel Hill ko Duke ko Wake Forest ko East Carolina, sannan horon asibiti na shekara uku zuwa bakwai. Masu tantance ɗalibai a waɗannan makarantu suna duban maki, suna kuma son ganin cewa mai nema ya taɓa tsayuwa a kan mara lafiya, ya san ƙaurin asibiti, bai gudu ba. Jerin darussan kiwon lafiya na sakandare yana farawa da sanin sassan jiki da kalmomin asibiti, yana iya ƙarewa a aji 12 da darasin jinya inda ɗalibai ke zuwa gidajen kula da tsofaffi ƙarƙashin kulawar nas, su zauna jarrabawar jiha, su shiga rajistar mataimakan nas. Yarinya mai shekara 18 da wannan shaida za ta iya aiki a lokacin hutu, ta samu kuɗin littattafai, ta kuma tara sa'o'in da za ta rubuta a takardar neman makarantar likita. Wata kuwa a nan take gano cewa jini da raɗaɗin mutane ba nata ba ne, ta koma harhaɗa magunguna ko injiniyanci tun ba a ci bashin dubban daloli ba. Ni a wurina wannan ma riba ce. Gurabun darasin jinya kaɗan ne, ana duba halarta da ɗabi'a, don haka fashin makaranta saboda dogon hutu a gida yana iya jawo mata asara. Hijabi kuma bai hana ɗalibaina mata zuwa horon ba, ana dai so ya zama wanda ba ya lilo.

Ƙofofin da ke gabanta a Guilford

Shirin da na fi so iyayenmu su sani shi ne Career and College Promise, wanda jiha ta fara a 2012. Ɗalibin aji 11 ko 12 da matsakaicin makinsa, wato GPA, ya kai 2.8 zai iya ɗaukar darussa a kwalejin al'umma ba tare da biyan kuɗin karatu ba. A wurinku kwalejin ita ce GTCC, mai babban sansani a Jamestown da rassa a Greensboro da High Point. Akwai yarjejeniya tsakanin kwalejojin al'umma 58 na jihar da jami'o'in gwamnati cewa darussan da ke cikin jerin canji, idan an ci su da C ko sama, za a karɓe su. Sai dai a nan akwai tarkon da ba a cika faɗa ba: makin kwaleji yana zama a takardar sakamako har abada, kuma makarantun likita suna lissafa duk darasin jami'a da mutum ya taɓa ɗauka, har wanda ya ɗauka yana ɗan shekara 16. Na sha ganin yara masu ƙwazo sun kwashi darussan kwaleji ta intanet fiye da ƙarfinsu saboda kyauta ne, suka fito da D. Gara biyu da A a kan biyar da kame-kame. Ka kuma tambayi batun mota, don ba kowane darasi ne bas ɗin makaranta ke kai wa ba.

Sai makarantun zaɓi, waɗanda ake nema da takarda. Early College at Guilford, da aka buɗe a 2002, ɗalibanta kan gama darussan sakandare a shekara biyu, su yi aji 11 da 12 a azuzuwan Guilford College, kuma mujallar U.S. News ta sa ta a matsayi na ɗaya a duk ƙasar a jerinta na 2023. Shigarta da wuya ƙwarai. Akwai STEM Early College a harabar jami'ar A&T, akwai Middle College a jami'ar UNCG da ta karkata ga fannin lafiya, akwai Academy at Smith mai fannin lafiya ita ma, akwai sashen koyon harkar jiragen sama a sakandaren Andrews da ke High Point. Lokacin cike takardar neman waɗannan yakan buɗe ya rufe da sauran watanni kafin ƙarshen aji 8, kuma iyayenmu da yawa kan ji labari bayan an rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ya wuce ku bana, ka tambayi ofishin zaɓin makarantu ko akwai jerin jira, domin makarantar unguwa mai darussan AP da na kiwon lafiya ita ma tana kai yaro jami'a.

Ga wanda ke da ɗa mai son aikin hannu, tunda na san wasu za su karanta wannan amsa, akwai Guilford Apprenticeship Partners: kamfanoni na ɗaukar ɗalibi tun ƙarshen sakandare, su biya shi albashi yana koyon aiki, ya yi difloma a GTCC ba tare da bashi ba, ya fito bayan kimanin shekara huɗu da shaidar ƙwararre. Yankin yana da HondaJet da cibiyar FedEx a filin jirgin Piedmont Triad, ga masana'antar batirin Toyota a Liberty. Wannan ba hanyar 'yarka ba ce, amma ba hanyar wanda ya faɗi ba ce kuma.

Abin da za ka duba a takardar da ke hannunka

Ga sharaɗin da na ambata. Ka fara da lissafi. Idan tana yin Math 1 yanzu a aji 8, hanya a buɗe take ta kai kalkulas a aji 12. Idan sai a aji 9 za ta fara, ba a makara ba, amma a tambayi yiwuwar haɗa lissafi biyu a shekara guda inda tsarin makarantar ya ba da dama. Tun 2018 dokar jiha ta ce yaron da ya samu mataki na 5 a jarrabawar lissafi ta ƙarshen shekara dole a sa shi a aji na gaba-gaba sai in iyaye sun ƙi, don haka ka duba sakamakonta na bara. Sannan kimiyya: bayoloji da kemistiri da fiziks, a matakin Honors, wato ajin da ya fi na gama-gari zurfi, in tana iyawa. Darasin Honors yana ƙara rabin maki a GPA, na AP ko na kwaleji yana ƙara maki ɗaya cur. Jiha ce ke biyan kuɗin jarrabawar AP ga ɗaliban makarantun gwamnati da ke ajin, kuma jami'o'in gwamnatin jihar suna ba da kiredit ga wanda ya samu 3 ko sama. Idan darasin kiwon lafiya ya shiga bayan waɗannan sun samu gurbinsu, ka sa hannu da kwanciyar hankali. Idan kuwa ka ga an cire kemistiri ko an sauke ta daga Honors don jadawali ya daidaita, nan ne za ka ce a'a.

Abu ɗaya da yaran Nijar ke da shi kuma suke barin sa ya lalace shi ne Faransanci. Yarinyar da ta yi lakwal a Maraɗi har ta kai shekara goma ko sha ɗaya tana da abin da 'yan ajinta za su shekara huɗu suna nema. Ka nemi a gwada ta a sa ta a matakin da ya dace da ita, ta kai ga AP na Faransanci, ta kuma nemi hatimin harsuna da jiha ke bugawa a takardar kammalawa. Idan har yanzu tana cikin ajin tallafin Turanci, wannan bai haramta mata Honors ko AP ba.

Batun kuɗin jami'a yana da sauran lokaci, amma ka san ana cike takardar neman tallafin tarayya, wato FAFSA, a aji 12, tallafin tarayya na Pell mafi girma a shekarar karatu ta 2024-2025 dala 7,395 ne, kuma jami'o'i huɗu na jihar, Western Carolina da UNC Pembroke da Elizabeth City State da Fayetteville State, suna karɓar dala 500 a zango daga 'yan jiha a matsayin kuɗin karatu, ban da masauki da sauran caji. Cancantar tallafin tarayya da kuɗin ɗan jiha ta danganta da takardun zama, wannan kuwa lauyan shige da fice ya kamata ya duba muku, ba ni ba. Karatun firamare da sakandare dai haƙƙin kowane yaro ne ko da wane irin takardu yake da su, bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 1982.

Ban ga sakamakon yarinyar ba, ban zauna da ita ba, kuma sharuɗɗan waɗannan shirye-shirye sukan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka abin da na faɗa shimfiɗa ce, hukunci na wurin waɗanda ke riƙe da fayil ɗinta. Ka nemi zama da malamar shawara ta aji 8 kafin ranar mayar da takarda, ku je tare da mahaifiyarta da ita yarinyar. Ka ce a rubuta muku jadawalin shekara huɗu gaba ɗaya a kan takarda guda, daga aji 9 zuwa 12, a nuna inda kowane lissafi da kowace kimiyya da kowane darasin lafiya zai zauna. Ka kuma karɓi suna da lambar jami'in kula da shirin sana'a na sakandaren da za ta shiga, domin shi ne ke riƙe da jerin gurabun horo a asibitoci, kuma shi zai fara sanin ranar da za a buɗe su.